Sojojin Roba ko na Ƙarfe: Wanne Ya Dace da Tebur a Gombe?

Duk wanda ya daɗe yana wasan yaƙi a kan tebur da 'yan sojoji masu tsawon milimita 28 ya san zaɓin nan. Na ƙarfe, waɗanda yawanci gaurayen kuza ne, suna da nauyi, ba sa saurin kifewa idan an ture tebur, kuma zafin Afrilu na Gombe bai dame su ba. Aibinsu fenti ne: in ba a wanke su da sabulu an shafa fentin share fage ba, zai ɓare daga bakin takobi. Supa gulu ke haɗa sassan jikinsu, shi kuma gautsi gare shi, don haka hannu ko mashi sai an huda an sa guntun waya. Tsofaffin na dalma kuwa, a nisanta su daga yara.

Na roba sun fi araha, tunda daga waje ake odarsu, nauyi kuma kuɗi ne. Gam ɗinsu narka robar yake yi, haɗin ya zama abu ɗaya. Amma a manta akwatinsu cikin mota da rana, sai bindigogi su lanƙwashe. Rundunar mutum 100 a yi ta da roba, kwamandoji 'yan kaɗan da ƙarfe.