Ya haɗa mana dashbod, ya bar kwamfuta ta ƙulla teburan da kanta

Ni ke riƙe lissafin sito ɗin Kawu a kasuwar Singa, shinkafa da taliya da man girki da sukari, kuma tun fil azal a Excel muke komai, tebur ɗaya na ciniki, ɗaya na kwastomomi, ɗaya na kaya. Da aiki ya fi ƙarfina sai muka kira wani matashi da ake ta yabonsa wai ya iya Power BI, manhajar da ke haɗa teburan bayanai ta fitar da rahoto a shafi ɗaya, wato dashbod. Ba zan kama sunansa ba. Kwana biyu ya gama, abu ya fito fes, Kawu ya ga bashin kowa a shafi ɗaya ya ce a biya shi har da na mai.

Sati uku muna aiki da shi lafiya lau, sai wata Asabar Kawu ya duba jerin masu bashi ya ga wani dattijo ɗan Maraɗi da muka haura shekara goma muna hulɗa, sunansa a can sama. A gabana ya ɗauki waya ya kira shi, cikin raha ma ya fara, ya ce Alhaji ko an manta da mu ne. Mutumin ya yi shiru, can ya ce "Alhaji, ni da ban taɓa kwana da kuɗinka ba?" Minti biyar sai ga hoton rasit ta WhatsApp da sa hannuna a kai. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce wannan abin naka ya sa na kunyata bawan Allah. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daren nan ban yi barci ba, na yi ta tone har na faɗa shafin da ake ganin teburan da layukan da suka haɗa su, wanda matashin bai taɓa nuna min ba. Ashe a teburin ciniki lambar rasit sunan kolum ɗinta ID, a teburin kwastomomi ma lambar mutum ID. Shi Power BI in ka loda teburori yakan duba sunayen kolum, in ya ga sun dace ya ƙulla alaƙa da kansa don sauƙaƙa maka, kai kuma aikinka ne ka leƙa ka tabbatar. Shi matashin bai leƙa ba. Rasit mai lamba 14 ya koma kan kwastoma mai lamba 14, bashin wani a wuyan wani. Kuma alamar tana nan ƙuru-ƙuru, layin yana ɗauke da 1 a kowane ɓangare, alhali mutum ɗaya yana sayayya sau da yawa, kamata ya yi a ga 1 ta wajen kwastomomi, alamar tauraro, wato da yawa, ta wajen ciniki.

Da safe na kira shi, wai "ai Oga otomatik ne, shi ke yi da kansa". To kuɗin me muka biya ka? Manhajar nan ta kwamfuta kyauta ake sauke ta, idonka da saninka muka saya.

Amma in faɗi gaskiya ya zo da yamma bai karɓi ko sisi ba, ya goge haɗin, ya ja lambar kwastoma ta gaskiya ya ɗora da hannu, ya shiga saiti ya kashe wajen da ke sa a ƙulla sabuwar alaƙa bayan loda bayanai. Nan take ma wani layi marar suna ya fito a rahoton, rasitan da yaranmu suka rubuta lambar kwastoma ba daidai ba, wannan kam daga wajenmu ne. Ya ba Kawu haƙuri har ƙasa. A lokacin na ce yaron kirki ne, gaggawa ce kawai, zan iya tura masa wani.

Sai ƙarshen wata ya zo, kuɗin da rahoto ya ce sun shigo suka ƙi daidaita da na banki. Na koma shafin nan, ga layi biyu daga teburin kwanan wata zuwa na ciniki, na ranar ɗaukar kaya cikakke, na ranar biya kuma ɗigo-ɗigo, wato yana kwance, don alaƙa ɗaya tak ke aiki kai tsaye tsakanin tebur biyu, ɗayar sai an kira ta da umarnin USERELATIONSHIP a cikin lissafin. Matashin yana zaune a gaban shafin nan ranar gyara, ya gani, bai ce uffan ba. Ni na koya da kaina na gyara.

In maki ne, tauraro biyu zan ba shi, ɗaya don dawowar da ya yi. Dattijon Maraɗi har yanzu yana sayen kaya a wajenmu, amma yaronsa yake turowa, kuma kowane biya sai ya nemi rasit biyu.