Shagon turin da ya nemo mini Sarkin Caca

Daren Asabar sanyin Jos ya kulle ni a ɗaki, sai kwaɗayin wani tsohon fim ɗin Chanis ya taso mini, wanda rabona da shi tun zamanin kaset, muna samari a gidan kallo a Anguwar Rogo. Sunansa na Turanci God of Gamblers, amma a bakinmu Sarkin Caca ne, don babu wanda zai fassara wancan sunan kai tsaye ya kwana lafiya. Na laluba a waya, guntaye kawai nake samu, data kuma tana zurarewa. Da safe na nufi wani shagon turi da ke Bauchi Road.

Shagon bai fi ɗakin mai gadi ba. Benci ɗaya, kwamfuta biyu, wayoyin caji sun yi rassa a bango kamar yaɗon kabewa. Yaron da ke kan kwamfuta ya ja hular sanyi har gira, ana ta miƙa masa memori, wannan na son fassarar Indiya, wancan na son sabon shiri mai dogon zango. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ɗago.

"Baba, na mai cin cakulan ɗin nan?"

Nan ya saye ni. Yaron da ba a haife shi ba a 1989, shekarar da fim ɗin ya fito a Hong Kong, ya san Ko Chun, wato Sarkin Cacan kansa, da cakulan ɗinsa.

Sai dai da na koma gida na kunna, Andy Lau na gani da Stephen Chow suna ta shirme, babu Chow Yun-fat, jarumin da ya fito a matsayin Ko Chun. Kashi na biyu ya tura mini. Wannan ne laifin shagon da ba zan ɓoye ba: sunayen fina-finan a kwamfutarsu a hargitse suke, kuma ba sa buɗe maka ka leƙa sai ka nema. Kashi na biyun ba laifi, amma wanda ya je neman Chow Yun-fat ba zai same shi a ciki ba, sai a wanda aka yi a 1994 ya dawo kan kujerarsa. Na sake hawa Keke na koma. Yaron ya ce, "Yi haƙuri Baba, kuskurena ne," bai karɓi ko sisi ba a karo na biyu, kuma ya tambaye ni abin da ban taɓa jin mai turi ya tambaya ba: mai muryar Turanci nake so, ko mai muryarsu ta asali da fassara a rubuce a ƙasa?

Ku zaɓi na asalin. Kantonis ake yi a ciki, harshen mutanen Hong Kong, kuma rabin daɗin fim ɗin a muryar Chow Yun-fat yake. Mutum biyu yake fitowa a jiki ɗaya. Da farko Ko Chun ne, gashi a kwance yana sheƙi, baƙar kwat, zoben dutse kore a ƙaramin yatsa yana murza shi, magana ɗaya-ɗaya kamar ana sayenta. Sai ya faɗa tarkon da Andy Lau, wani ɗan cacar unguwa mara sa'a, ya haƙa don wani maƙwabcinsa. Ya bugu a kai, ya manta ko shi waye, ya koma yaro ɗan shekara goma mai rigimar cakulan. Muryar ma sai ta koma ta yaro. Wanda aka ɗora wa Turanci duk ya baje wannan bambancin, sai ka ji kamar mutum ɗaya ne yake karanta labarai.

Wurin da na mayar baya har sau uku shi ne karawar Japan. Ƙwayar lido shida a cikin kofi, wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. Matar da ke karawa da shi ta girgiza ta kife, kowace ƙwaya ta nuna ɗaya, maki shida ke nan, kowa ya ce an gama. Ko Chun ya girgiza nasa har ƙwaya ɗaya ta farfashe a ciki, ya buɗe, maki biyar. A gidan kallo a da, a nan ake tashi tsaye ana buga benci. Ni kaɗai a falo sai da uwargida ta leƙo ta ce lafiya.

Ban ce komai nasa ya yi ba. Darakta Wong Jing ba ya zama wuri ɗaya, yanzu kana dariya, an jima an yi kisan da zai sa ka ajiye cokali, kuma akwai wani wuri game da budurwar Ko Chun da ɗan'uwansa maci amana da bai dace a kalla da yara ba. Tsakiyar ma ta ɗan yi ja. Amma karawar ƙarshe a jirgin ruwa da tsohon ɗan cacar Singafo ta biya bashin. Tsohon yana taƙama da tabarau mai ganin alamar da aka yi wa karta, bai san an riga shi sanin sirrin ba. Babu sa'a ko ta ƙwayar zarra a teburin nan, maguɗi ne ya haɗu da wanda ya fi shi. Na so a ce samarin da na wuce sun yi cincirindo a shagon bet da ke kusa sun lura da wannan, amma su da wayoyinsu suke.

Hoton da ya tura mini garau yake, sauti bai gudu ya bar baki ba, fassarar ƙasan ce kawai wani lokaci take wucewa kafin ka gama karantawa. In za ku je, ku je da safe kafin layi ya taru, ku tafi da memorin da ke da fili, kuma kada ku tashi daga bencin nan sai an buɗe muku kun ga mutumin da ke murza zobe. Na bar masa saƙon na 1994, ya ce in leƙo ranar Laraba.