Wasan inuwar fata a kan jirgin Mekong: abin da ake samu da abin da ke ɓata shi

Jiragen yawon buɗe ido da ke bin ruwa tsakanin Siem Reap a Kambodiya da kudancin Biyetnam, tafiyar da kan ɗauki kimanin mako guda, sukan yada zango a Phnom Penh, inda kogin Mekong ya haɗu da Tonle Sap da Bassac. A irin wannan dare ne ake gayyato masu wasan gargajiya su hau jirgi bayan an ci abincin dare. Wani jirgin 'yan rawa yake kawowa, wani kuma masu wasan inuwa: a kafa farin ƙyalle irin na majigi, a kunna fitila a bayansa, a riƙa motsa siffofin da aka yanka daga fatar saniya, 'yan kallo suna ganin inuwarsu daga gaba. Wasan ya cancanci mutum ya bar ɗakinsa ya hau sama ya zauna. Sai dai kyansa ya dogara ne kan yadda ma'aikatan jirgi suka shirya wurin fiye da yadda ya dogara kan gwanintar masu wasan, kuma a nan ne jirage da yawa suke gazawa.

Da farko mutum ya san wane wasa ne za a nuna masa, domin takardar talla ba ta cika bambancewa ba. A harshen Khmer, na mutanen Kambodiya, sbek yana nufin fata. Sbek Thom, wato babbar fata, shi ne wanda UNESCO ta ayyana cikin kayan gadon ɗan Adam a 2005. Siffofinsa manyan faifan fata ne marasa gaɓoɓi, wani ya kusa mita 2 a tsaye, nauyinsa ya kai kilo 8, an ɗaure shi a sandunan gora biyu. Mai riƙe da shi rawa yake yi da dukan jikinsa, yana bi ta bayan ƙyalle yana fitowa ta gabansa. Asalinsa a fili ake yi, kusa da gonar shinkafa ko a harabar wurin ibada, da wutar ƙoƙon kwakwa tana ci a baya. Jirgi ba ya ɗaukar wannan. Rufin saman jirgi ya yi ƙasa da yawa a ɗaga faifai sama da kai, kuma babu kyaftin ɗin da zai yarda a hura wuta a cikin jirginsa. Abin da ya dace da jirgi shi ne Sbek Touch, ƙaramar fata, masu hannuwa da muƙamuƙi da ke motsi da siraran sanduna. Ba ƙaramin abu ba ne shi ma, yana da nasa daɗin, ya fi ban dariya, ya fi kusa da rayuwar manomi. Amma wanda aka nuna wa hoton Sbek Thom a talla, ya zo ya tarar da ƙyalle mai faɗin mita 2 da 'yan ƙananan siffofi, yana da haƙƙin ya ji ba a gaya masa gaskiya ba. A tambaya tun kafin a biya.

Wanda ya san aikin majema da dukawa zai fi kowa gane darajar abin da ke hannun masu wasan. Ana shanya fatar a kankare ta, a rina ta da ruwan ɓawon wata bishiya da suke kira kandaol, kamar yadda bagaruwa take a wurin namu majeman, sai ta koma ja-ja mai duhu. Daga nan mai zane ya fitar da siffa a kai, a bi ta da ƙananan ƙarafa masu kaifi da guduma ana hudawa, huji bayan huji, har sai kambi da sarƙa da zanen tufafi sun fito kamar saƙa. Waɗannan hujojin su ne ran wasan. Ta cikinsu haske ke ratsawa ya zana ado a jikin baƙar inuwa. Duk abin da ya hana a gan su ya kashe rabin aikin.

Shi ya sa fitila ita ce abin dubawa na farko. Inuwa mai kaifi tana buƙatar haske daga wuri ɗaya ƙarami. A ce fitila tana da nisan mita 2 daga ƙyalle, mai wasa ya ja fatar baya da rabin mita: inuwar za ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, kuma da haka suke sa dodo ya kumbura ya cika ƙyalle lokacin faɗa. Idan ƙwan fitilar faɗinsa santimita 3 ne, gefen inuwar zai dishe da kamar santimita 1 kacal, siffa tana nan a fili. Idan kuwa aka sa faffaɗar fitilar zamani mai santimita 30, irin wadda ake haska farfajiya da ita, dishewar ta kai santimita 10, hujojin duk sun narke, sai dunƙulen baƙi ke yawo. Mafi muni shi ne a kunna fitilu biyu don a ƙara haske: kowace siffa sai ta yi inuwa biyu, hannu huɗu, kai biyu. Wannan kuskuren ma'aikatan jirgi ne ke yin sa da kyakkyawar niyya. Haka kuma fitila mai ruwan ɗorawa ta fi fara fat kyau, domin tana kwaikwayon wutar asali, kuma tana fito da jan fatar a wuraren da ta yi siriri.

Akwai hasken da ke zuwa daga gaba kuma. Bakin ruwan Sisowath a Phnom Penh da fadar sarki a haske suke da dare, dogayen gine-ginen birnin ma haka. Idan fuskar ƙyallen ta kalli gari, baƙin inuwa sai ya koma toka-toka. Gyaran ba wuya: a juya ƙyalle ya ba gari gefe, a kashe fitilun ado na saman jirgi da na wurin sayar da abin sha, a bar na matattakala kawai saboda tsaro. Jirgin da ya yi haka ya san abin da yake yi.

Iska ita ce ta biyu. A kan tudu ana kafa gora a ƙasa a ɗaure ƙyalle tamau. A jirgi babu ƙasar da za a haƙa, sai firam na ƙarfe ko na katako da ake harhaɗawa, kuma iskar kogi ba ta hutawa. Ƙyalle na kumbura ciki da waje, tazarar da ke tsakaninsa da fata tana canzawa, inuwa tana kaifi tana dishewa ba da nufin mai wasa ba. Ƙyallen da aka ɗaure ta kusurwa huɗu kawai ba ya jurewa. Sai an bi gefensa duka da igiya, tazarar taƙi ɗaya tsakanin ɗauri da ɗauri, an danne ƙafafun firam da buhunan yashi. Idan iska ta yi ƙarfi gara a koma falon ciki, ko da za a rasa kallon kogi. Laima ma tana da nata: fatar da ta sha danshi tana laushi, kan siffa ya lanƙwashe baya, ya rabu da ƙyalle, fuska ta ɓace alhali jiki yana nan. Masu wasan da suka ƙware sukan zo da fatunsu a shimfiɗe tsakanin allunan katako, ba sa buɗewa sai dab da farawa. Farin ƙyalle mai haske a tsakiyar ruwa kuma kira ne ga ƙwari, musamman bayan ruwan sama. A shafa maganin sauro, a sa riga mai dogon hannu.

Shi wasan kansa, a jirgi, gajere ne, bai cika kai awa ɗaya ba. Ana buɗewa da abin da suke kira sampeah kru, gaisuwa ga malaman sana'a na da: a kunna turaren tsinke, a ajiye ayaba da furanni, masu wasa su haɗa tafin hannu. Ibada ce a wurinsu, ba ado ba. Ba a neman baƙo ya sa hannu, shiru kawai ake so. Mai karatu Musulmi ya san da wannan tun daga farko, ya kuma san cewa manyan labaran daga Reamker suke, wato yadda Khmer suka ba da labarin Ramayana na Indiya: Preah Ream da matarsa Neang Seda, da Krong Reap da ya sace ta, da farin biri Hanuman. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da buɗewar ba yana iya shigowa bayan an gama ta, babu mai jin haushi. Bayan haka akan kawo faɗan farin biri da baƙin biri, sannan gajerun labaran ƙauye, wanda ya fi karɓuwa shi ne karon ɓauna biyu da masu su ke zuga su suna cacar baki. Wannan ba ya buƙatar fassara. Yaro ɗan shekara biyar zai bi shi daga farko har ƙarshe.

Kiɗan kuwa, cikakken ayarin makaɗan gargajiya da suke kira pin peat yana da roneat, jerin katako ko gora guda 21 da ake bugawa da sanduna biyu, da kong vong, ƙananan ƙararrawan tagulla 16 da aka jera a da'ira makaɗi na zaune a tsakiya, da gangar samphor, da manyan ganguna biyu skor thom, da sralai, wadda kunnen Bahaushe zai ji ta kamar ƙanwar algaita. Jirgi ba ya ɗaukar su duka. Mutum uku ko huɗu ake samu. Wannan ya wadatar muddin akwai ganga, domin makaɗin yana kallon ƙyalle ne, duk naushin da biri ya kai yana saukar masa da bugu a daidai lokacin. Inda aka maye gurbin makaɗa da kiɗan da aka naɗa a waya, masu wasa ne ke bin kiɗa a guje, bugu ya riga naushi ko ya biyo bayansa, abin ya zama lami. Wannan shi ne babban abin da ke raba wasan kirki da na cika sharaɗi, kuma tambaya ɗaya ce ke fito da shi: da makaɗa za a zo?

Ƙarar janareta matsala ce da ba a kawar da ita gaba ɗaya, tunda jirgi na buƙatar wuta ko yana tsaye. Tana fitowa ne daga baya, don haka wasan da aka shirya a gaban jirgi ya fi jin daɗin saurare. Batun fassara kuma, hanyar da ta fi ita ce jagoran tafiya ya ba da labarin kowane kashi a taƙaice kafin a fara shi, sannan ya ajiye makirufo. Idan ya ci gaba da magana a kan muryar mai ba da labari, ya rufe salon rera baitukan da sauya murya daga sarki zuwa biri, wanda shi ma rabin sana'ar ne ko da ba a jin harshen.

Wurin zama mafi kyau shi ne tsakiya, layi na biyu ko na uku, mita 3 zuwa 4 daga ƙyalle. Na gaba sosai yana kallon ƙwan fitila ta cikin saƙar ƙyallen, ido ya gaji. Na gefe yana hango hannuwan masu wasa. Kada a ɗauki hoto da walƙiyar kyamara, tana shafe inuwar ga kowa. Bayan an tashi, a roƙi izini a zagaya bayan ƙyalle; yawancinsu suna murna da hakan, kuma minti biyar a can, ana ganin yadda mutum ɗaya ke sarrafa sanduna uku da yatsu, ya fi dogon bayani.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, an ɗauke ruwa, zafi bai sauko ba. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, ruwan yamma na iya kora kowa ciki. A Nuwamba kuma akwai bikin Bon Om Touk na tseren kwale-kwale, lokacin da Tonle Sap ke juya akalarsa ya koma kwarara zuwa Mekong. Kwanakin nan bakin ruwa a cike yake da jama'a da wasan wuta, ba daren wasan inuwa ba ne. Rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 5:30 da 6:30 duk shekara, saboda haka ana samun sallar magariba da isha kafin a fara. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, kuma jirgin da ya tsaya a tsakiyar ruwa yana juyawa da igiyar ruwa, a duba kafin a tayar. Abincin jirgi akwai naman alade a ciki, akwai giya. A sanar da kicin tun ranar farko, a tsaya kan kifi irin su amok da ake turarawa a ganyen ayaba da madarar kwakwa. Phnom Penh tana da Musulmi 'yan ƙabilar Cham, da masallacin Al-Serkal, da gidajen abincin halal ga wanda ya sauka.

Kuɗin wasan yana cikin kuɗin tafiya, amma abin da ke isa hannun masu wasan ba lallai ya taka kara ya karya ba. Wannan sana'a ta kusa mutuwa a mulkin Khmer Rouge, daga 1975 zuwa 1979, lokacin da aka kashe masu fasaha da yawa, fatu kuma suka salwanta. 'Yan tsirarun da suka tsira ne suka sake koyar da ita. Kyauta a ba su hannu da hannu, da dala ko riel, duka biyu suna tafiya a ƙasar, dala ɗaya kimanin riel 4,000. Idan sun shimfiɗa ƙananan fatu na sayarwa, a ɗaga a duba ta fitila: aikin hannu hujojinsa ba sa zama daidai wa daida, fatar kuma tana da kauri da ƙanshin jima. A ɗauke ta a shimfiɗe tsakanin kwali biyu, kada a naɗe, kada a bar ta a rana cikin mota. Wanda kuma ƙaramar fata ta sa masa ƙishin ganin babbar, sai ya nemi ayarin Sbek Thom na wurin ibadar Wat Bo a Siem Reap, ya tambayi ranar wasansu tun kafin ya tsara kwanakinsa a garin, domin ba kowane dare suke fitowa ba.