Sharhi kan sabar sunaye ta DPNS da rumbun bayanan MySQL

DPNS ita ce sabar sunaye ta DPM (Disk Pool Manager), manhajar sarrafa faifan ajiyar bayanai, wadda aka ƙirƙira a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, domin ƙananan cibiyoyi da matsakaita da ke adana bayanan binciken kimiyya a kan grid, wato haɗakar kwamfutocin cibiyoyi da yawa da ke aiki tare. Ba ta riƙe fayil ko ɗaya a cikinta. Aikinta shi ne tuna sunan kowane fayil, da mai shi, da izinin da ke kansa, da faifan da kwafinsa yake, kuma duk wannan tana zuba shi ne a rumbun bayanai mai suna cns_db, sunan da ta gada daga CASTOR, tsarin ajiyar bayanai na CERN da ya riga ta.

Kafa ta da MySQL, manhajar rumbun bayanai, bai da wahala ga wanda ya saba da Linux. Ana ƙirƙirar teburori da fayil ɗin SQL da ke zuwa tare da manhajar, a rubuta sunan mai amfani da kalmar sirri da adireshin rumbun a layi guda cikin fayil ɗin saiti mai suna NSCONFIG, sannan a buɗe ƙofa ta 5010. Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardar shaidar X.509 ta na'urar, domin idan asusun dpmmgr, wanda sabar ke aiki a ƙarƙashinsa, bai mallaki kwafinta da makullinta ba, sabar ba za ta iya tantance kowa ba, saƙon kuskuren kuwa ba kasafai yake nuna ainihin matsalar ba.

Inda ta fi burge ni shi ne rabon izini. Ba a buɗe wa masu bincike asusu a kan na'urar. Sabar tana duba takardar shaidar mutum da rukuninsa na VOMS (tsarin da ke nuna ƙungiyar binciken da mutum yake ciki), ta ba shi lambar shaida ta cikin gida, ta yadda umarni irin su dpns-ls da dpns-setacl ke aiki kamar a kan faifan Unix na yau da kullum. Sai dai komai ya rataya ne a kan cns_db, kuma idan rumbun ya lalace alhali ba a adana kwafinsa ba, fayiloli za su kasance a kan faifai lafiya lau amma babu hanya mai sauƙi ta gane wane ne wane. Kalmar sirrin rumbun ma a fili take cikin NSCONFIG, saboda haka dole a taƙaita masu iya karanta fayil ɗin.

An daina raya DPM, cibiyoyi da dama kuma sun koma wasu manhajojin ajiya irin su dCache ko EOS, don haka ba zan ba mai kafa sabuwar ma'ajiya shawarar ɗaukar ta ba. Wanda ya gaji tsohuwa kuwa ya fara da tsaftace cns_db, domin daga cikinsa ake fitar da jerin fayiloli lokacin ƙaura.