Tsakanin Iliad da Odyssey, wanne za a fara saya?

Malam, tunda kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, kuma asalin sunayen Girkawan dā kake nema, a cikin waɗannan dogayen waƙoƙin labari biyu na Girkawan ka sayi Odyssey, ka bar Iliad sai wani jiƙon.

Nawa kwafin na gwanjo ne, bangonsa ya yage har na liƙe shi da salatif, amma sau uku ina sauke shi. Labarin Odisiyas ne, sarkin tsibirin Itaka, wanda ya shafe shekara goma yana gararamba a teku kafin ya isa gida, bayan wata goman da ya yi a yaƙin Troy, kuma sunan wannan doguwar tafiya ne kamfanin Honda ya raɗa wa motarsa Odyssey. A ciki za ka gamu da Siren, masu ruɗar matuƙa jirgi da zaƙin murya, waɗanda Turawa suka ba jiniya sunansu, da Mentor, aminin da aka bar wa amanar gida, wanda sunansa ya zama laƙabin duk babban da ke ɗora na ƙasa a kan hanya. Dokin katakon da mayaƙan Girka suka ɓuya a cikinsa don su shiga birnin Troy ma a nan aka ba da labarinsa, shi ne kuma asalin kiran muguwar manhajar da ke shiga kwamfuta da siffar abin kirki Trojan. Ni dai inda ya fi taɓa ni shi ne babi na 17, inda tsohon karen Odisiyas, Argos, kwance a kan juji, ya gane ubangidansa bayan shekara ashirin, ya kaɗa wutsiya, sannan ya mutu. A daren nan rufe littafin na yi na kasa ci gaba.

Iliad kuwa shi na fara saya, na kuma yi da-na-sani. Baiti ne sama da 15,000 a kan fushin Akilis, gwarzon Girkawa a yaƙin Troy, babu dokin katakon a ciki, babu kibiyar da ta same shi a diddige, jana'izar Hekta, jarumin Troy, ce ƙarshensa. Iyakar ribar da na ci ita ce sanin jarumin da ƙungiyar ƙwallon Ajax ta Amsterdam ta ci sunansa.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa a intanet, domin wasunsu taƙaitaccen bugu na yara suke turo wa mutum da sunan cikakke. Kafin ka tura ko sisi, ka sa a ɗauko maka hoton shafin abubuwan da ke ciki, ka tabbata babi 24 ne cif, kuma akwai sunan mai fassara a bango.