GARGAƊI: mai sayar da shot shifta a Facebook ya damfare ni ₦117,000

Jama'a don Allah duk mai motar manuwal ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. ₦117,000 wani mara tsoron Allah ya cinye min, dubu ɗari da sha bakwai, kuɗin riɗin da na noma da hannuna na kai kasuwar Gujungu na sayar, kuma har yanzu da nake rubutun nan shafinsa na nan a buɗe yana ta ɗora hotunan kaya kamar bai yi komai ba. Ni kaɗai ya yi bulokin.

Motata BMW E36 ce, 328i ta 1996, mai giya biyar. Tsohuwa ce amma duk wanda ya sanni a yankin Ringim ya san yadda nake ji da ita. Sandar giyarta ta daɗe tana lilo, daga ta biyu zuwa ta uku sai ka yi tafiya mai nisa da hannu, shi ne na ce bari in sa mata shot shifta in huta. Ga waɗanda ba su sani ba, sandar giyar tana da ƙwallo a tsakiyarta da ke zaune cikin wani kofin roba, ƙasan sandar kuma yana haɗe da rodin da ke shiga giyabos. Shot shifta na gaskiya tazarar da ke tsakanin ƙwallon nan da ƙasan sandar ake ƙara wa tsawo kaɗan, sai ya zama ɗan motsin hannunka a sama ya isa ya tura rodin, masu ƙerawa sukan ce tafiyar hannun tana raguwa da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, sai dai giyar ta ɗan ƙara nauyi. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya taɓa komai a cikin giyabos. Duk wannan na sani tun kafin in yi magana da mutumin, ina faɗa ne saboda masu cewa wai rashin sani ne ya ja min.

Na zaga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, ban samu ba, kowa sai ya ce sai dai a yi oda. A haka na ci karo da tallarsa, wai yana Legas yana shigo da kayan BMW daga Jamus. ₦85,000 ya ce.

Ni fa ban tura kuɗi haka kawai ba. Sai da na ce ya kira ni bidiyo, kuma ya kira. Ya ɗauko sandar ya juya ta gaba da baya, ya sa tef ya auna min daga ƙwallon zuwa ƙasa ina kallo. Na gwada shi da tambaya, na ce wacce sanda ce ta kamfani da mutane ke sa wa E36 a madadin shot shifta, bai ko yi jinkiri ba ya ce ta Z3 M ko ta E60 545i, wato wasu samfuran BMW ɗin. To wa zai ji wannan amsar ya ce ɗan damfara ne? Bakaniken garinmu ma bai san wannan ba. Muna cikin magana aka kira sallar La'asar a wajensa, da kunnena na ji kiran, ya ce "ɗan uwa ka yi haƙuri bari in yi sallah in dawo, kasuwa ba ta fi lahira ba". Ya kashe, bayan sallah shi ya sake kirana da kansa. Wallahi wannan wurin ne yake ta dawo min a rai. Ka yi haƙuri bari in yi sallah. Ya ce mahaifiyarsa 'yar wajen Haɗejiya ce, ya ce "amana ce tsakanina da kai, in na ci kuɗinka ina zan kai fuskata". Haka ya faɗa da bakinsa, ina zan kai fuskata.

Na tura ₦50,000 tukuna, daga baya cikon ₦35,000. A'a, tsakaninsu akwai ₦12,000 na webil, shi ya fara karɓa kafin cikon don ya ce direban motar Kano ba zai ɗauki kaya ba sai an biya, duk dai yana cikin risit za ku gani. Sunan da ya fito a akawun ɗin na mace ne, na tambaya ya ce na maiɗakinsa ne nasa an toshe saboda matsalar BVN. 'Yan kasuwa nawa ne a nan ke karɓar kuɗi ta akawun ɗin mai POS ko na ƙaninsu? Kullum haka muke ciniki a kasuwa ba wanda ya taɓa cewa komai.

Kuma kayan ya iso, abin da ya sa ban farga da wuri ba ke nan, da a ce shiru na ji da tuni na garzaya banki. Na je tasha a Kano na karɓo kwali an naɗe shi da selotef ta ko'ina. Na buɗe na ga sanda baƙa wul tana ƙyalli, har da warin fenti, amma ledar da ya nuna min a bidiyo mai takardar lambar kaya babu ita. Na kira shi ya ce ledar ta yage ne wajen shiryawa.

Aikin sawar ba a sama kaɗai ake yi ba, dole a shiga ƙarƙashin mota a zare kilif ɗin da ya riƙe rodin, a kula da 'yan washa na roba kar su ɓace, sannan a murɗe kofin a zaro sandar ta sama, ga salansa da furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, sun tare wurin hannu da kyar yake shiga. Bakanikena dattijo ne, tun ina yaro yake gyaran motar Baba. Da ya riƙe sandar sai ya yi shiru, ya sa farce ya kankare fentin ya ce "yaro, wannan ai walda ce". Tsohuwar sanda ce irin tawa sak aka yanke ƙasanta aka jona guntun ƙarfe aka goge aka fesa fenti, jonin ma a karkace. Robar da ke cikin sandar wadda ke hana jijjigar giyabos zuwa hannu zafin waldar ya ƙone ta. Ba ita ya nuna min a bidiyo ba, na rantse da Allah ba ita ba ce, waccan fara ce ƙal ba joni ko ɗaya.

Na kira shi a gaban Malam bakanike. Ko gezau bai yi ba, ya ce ai haka ƙirar take, abin da ya rage bushin ne na musamman da ake haɗawa da ita, yaronsa ne ya manta bai sa a kwalin ba, in turo ₦20,000 a aiko. Ya sake rantsuwa, ya sake cewa amana. Mutum ya riga ya zuba ₦97,000 an ce masa saura 20 abu ya yi aiki, kuma mai maganar shi ne wanda ya katse ciniki ya tafi sallah, ku gaya min wa zai tsaya a nan? Na tura. 85 da 12 da 20, ₦117,000 cif, ban sa kuɗin bakanike da kuɗin mota zuwa Kano ba.

Kafin bushin ɗin da ba zai taɓa zuwa ba ya zo, mun gwada ɗaura ta mu gani. Ribas a BMW hagu ake turawa can sannan gaba, ƙememe ta ƙi shiga. Ta biyu da ta huɗu sai da ƙarfin tsiya, kuma da mota ta fara tafiya sai ka ji ƙarar guga daga ƙasa, ashe ya zarce da tsawon har rodin yana taɓa furofela. A kan hanyar Taura, ina fita daga ta uku, waldar ta ɓalle, sandar ta koma tana yawo a hannuna kamar muciya a tukunyar da babu tuwo. Ƙanina na gefe, ga tirela a bayanmu, Allah ne kaɗai ya kiyaye na taka kuloch na gangara gefen titi. Mai a-kori-kura ne ya ja mu zuwa gida mutanen gari na kallo. Yaya ya tare ni a ƙofar gida ya ce "kuɗin riɗin ke nan ka kai wa ɗan Legas?" ban iya ce masa komai ba, har yau Baba bai san adadin ba.

Bulokin ɗin ma tun kafin ɓallewar ya yi, washegarin da alat ɗin 20 ɗin ya shiga, na tura saƙo a WhatsApp na ga layi ɗaya, na kira ana ce min a kashe. Da layin ƙanina muka kira ya ɗauka da sallama lafiya lau, yana jin muryata ya katse. Wani ma daga wajen Kazaure ya yi min magana ya ce shi kuloch ya biya aka aiko masa da wanda ya ƙone.

Kar ku biya sai kaya na hannunku bakanike ya duba, in akawun ba sunan mai kaya ba ne ku bari, in kun ga sabon fenti a jikin sanda ku kankare. Shi ke nan.

Na kai ƙorafi banki sun karɓi risit ɗin duka, takardar 'yan sanda nake haɗawa yanzu. Sikirinshot na hirarmu, da risit huɗu, da muryarsa inda yake cewa amana, da hoton sandar a karye kusa da tawa ta asali duk suna wayata, in sabis ya daidaita da daddare zan ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya yi min magana ta inbos mu haɗa ƙarar wuri guda. ₦117,000 ɗina ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.