Peltier ko ƙarin lagireto: wanne zai ceci kwamfuta a bazara?

Wani malam ya tambaya: kwamfutarsa mai sanyaya da ruwa tana kai digiri 95 da rana a Afrilu, ɗakin kuma yana kusan 40. Ya ga farantin Peltier (ƙaramin faranti da in an ba shi wuta fuska ɗaya ke yin sanyi, ɗayar ta yi zafi) a kasuwa da araha, shin ya saka shi a layin ruwan, ko ya ƙara lagireto?

Lagireto komai girmansa ba ya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar ɗaki. In ɗaki yana 40, ruwan zai zauna wajen 48 zuwa 50 lokacin aiki mai nauyi. Abin da ƙarin lagireto na milimita 360 zai yi shi ne rage wannan tazarar, ya dawo da ruwan kusa da 44 ko 45. Ribar ba ta da yawa, amma tabbatacciya ce, kuma fanka ukun da ke jikinsa ba sa cin ko wat 10.

Peltier kuwa yana iya kai ruwa ƙasa da zafin ɗaki, shi ya sa yake jan hankali. Sai dai ba ya kashe zafi, kwashe shi yake daga wannan fuska ya jibge a ɗayar, ya haɗa da nasa. Ɗauki samfurin Peltier mai lamba TEC1-12706, wanda ya fi yawa a kasuwa: a bolt 12 yana shan wat 50 zuwa 60, kuma idan tazarar fuskokinsa ta kai digiri 20, da ƙyar yake kwashe wat 35. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai fitar da zafin wat 150 tana bukatar guda biyar ke nan. Su ci kusan wat 280, fuskar zafi kuma ta riƙa amayar da wat 430 da dole ka nema wa mafita, cikin ɗakin da kake zaune. Ga mai inbata ko janareta, lissafin ya tsaya a nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne manna Peltier a layi ɗaya da lagireto. Da zarar ruwan ya fi iskar ɗaki sanyi, lagireton zai juya ya koma ɗumama shi. Dole layi biyu: mai sanyi daga Peltier zuwa furosesa ba lagireto, mai zafi da famfonsa da manyan lagireto da tiransifoma tasa daban. In famfon layin zafi ya tsaya, farantin zai ƙone cikin mintuna.

Sai raɓa. A bazara iska a bushe take, ba matsala sosai. Amma a Agusta, ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 23 zai sa tiyo ya yi gumi kamar kwalbar lemo daga firji, ɗigo ɗaya a kan allon kwamfuta ya isa. Ko Cooler Master ML360 Sub-Zero, injin sanyaya mai Peltier da aka fitar da fasahar Intel a 2020, mai na'urar auna laima don gudun raɓa, yana kasawa wajen sanyaya idan dukkan sassan furosesa suka ɗauki aiki.

Shawararmu, Malam: fara da abin da ba ya cin kuɗi. Hure ƙurar hunturu daga haƙarƙarin lagireto, canza man da ke tsakanin furosesa da murfin da ruwan ke bi a kanta, rage iyakar wutar furosesa a BIOS (shafin saitin allon kwamfuta) daga wat 150 zuwa 110. Sannan ƙara lagireto, a sa shi ya ja iska daga wajen akwatin kwamfuta. In akwai wutar da za ta ciyar da Peltier biyar, gara a ba esi ita, domin da wat ɗaya yana kwashe zafin kusan wat uku, kai ma ka sha iska.